Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnonin Jihohin Arewa 19 Kan Zaɓen Kwas, Tallafin Karatu Da Makomar Ɗalibai

Masu girma gwamnoni, iyayenmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, muna roƙon Allah ya yi muku jagora a kan nauyin jama'a da kuka ɗauka, ya zaunar mana da Arewa lafiya.

Ni matashi ne mai bautar ƙasa a bana, ina koyar da Lissafi a wata makarantar sakandaren gwamnati da ke wani ƙauye. Na rubuto ne a madadin wasu 'yan uwana ɗalibai da muka haɗu a zaure ɗaya na WhatsApp tun muna aji biyu a jami'a, maza da mata, Musulmi da Kirista, wasu daga Sakkwato da Kebbi, wasu daga Borno da Adamawa, wasu daga Neja da Filato. A cikinmu akwai waɗanda suka gama, akwai 'yan ajin ƙarshe, akwai kuma waɗanda karatun ya gagare su suka koma gida, amma ba su fita daga zauren ba. Shekara da shekaru hirarmu ba ta wuce abu uku: kwas ɗin da mutum ya samu kansa a ciki, inda za a samo kuɗin rajistar zango mai zuwa, da abin da za a yi idan an karɓi kwali. Da muka ga mun daɗe muna yi wa juna kuka, sai muka ce gara mu kai kukan inda za a iya share mana hawaye.

Mun san iyakar ikonku. Hukumar jarrabawar shiga jami'a ta JAMB da hukumar kula da jami'o'i ta NUC na gwamnatin tarayya ne, rikicin ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU ma a Abuja ake yin sa. Amma makarantun sakandaren da muka fito naku ne, hukumomin ba da tallafin karatu na jihohi naku ne, jami'o'in jiha da asibitocin jiha da ma'aikatun da ke ɗaukar aiki duk suna ƙarƙashinku. A kan waɗannan za mu yi magana.

Bari mu fara da inda ɓarakar take farawa, wato ajin SS1. A nan ake raba yara zuwa ajin kimiyya, ajin fasaha da adabi, da ajin kasuwanci, kuma daga wannan rana aka rufe wa yaro wasu ƙofofi ba tare da ya sani ba. Ƙanwata tun tana ƙarama take cewa ma'aikaciyar jinya za ta zama, domin ta ga irin wahalar da mahaifiyarmu ta sha a haihuwar autanmu. Da ta shiga SS1, sai aka ce ajin kimiyya ya cika, kuma dama makarantar ba ta da malamin Fiziks tsayayye, aka tura ta ajin adabi. Babu wanda ya zaunar da ita ya gaya mata cewa karatun jinya yana buƙatar kiredit a Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Mahaifinmu manomi ne, bai san wannan ba. Ni kuma ina can jami'a, ban tambaya ba sai da lokaci ya ƙure. Ranar da ta je cibiyar rajistar JAMB ne mai shigar da bayanai ya dubi darussanta ya ce mata, "Ke ai babu hanyar jinya a nan, sai dai ki zaɓi wani abu." Ta dawo gida ta kwana tana kuka. Shekara uku ta yi tana tafiya a kan hanyar da ba ta zuwa inda ta nufa.

Da na ba da wannan labari a zaurenmu, kusan kowa ya kawo irinsa. Wani ya so karatun lauya, bai san sai da Adabin Turanci ba. Wata ta ce mai shigar da bayanan ne ya zaɓar mata kwas da jami'a, saboda layi ya yi tsawo kuma ita ba ta san sunayen kwasa-kwasan ba in ban da likita da lauya da injiniya. Wannan ma wata matsala ce babba: yaranmu masu ƙoƙari duk suna cunkusuwa a kan karatun likita, wanda gurabensa ƙididdigaggu ne domin hukumar likitoci ta ƙasa ce ke ƙayyade wa kowace jami'a adadin da za ta ɗauka. Wanda bai samu ba sai a jefa shi kwas ɗin da bai taɓa jin sunansa ba, ya yi shekara huɗu yana karatu da baƙin ciki, ko ya zauna gida yana sake JAMB har sau uku. Alhali akwai kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, akwai ɗaukar hoton cikin jiki, akwai gashin ƙashi, akwai likitancin dabbobi, akwai kimiyyar ƙasa da ruwa, waɗanda duk ana neman masu su ido rufe, amma ba a taɓa ambata wa yaro su a aji ba.

A jarrabawar JAMB ta 2025, sama da ɗalibai miliyan ɗaya da rabi cikin kusan miliyan biyu ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Ina koyarwa a ƙauye yanzu, na ga dalilin da idona. Akwai ɗalibaina 'yan ajin ƙarshe da ba su taɓa ɗora yatsa a kan kwamfuta ba, kuma da kwamfuta za su rubuta jarrabawar da za ta yanke makomarsu. An tanadi kashi 20 cikin 100 na guraben jami'o'in tarayya domin jihohin da ke baya a ilimi, kuma mafi yawan jihohinmu na cikin jerin. To amma gurbin da aka ware ba ya amfanar yaron da darussansa ba su dace da kwas ɗin ba tun farko.

Magana ta biyu ita ce ta fi ci mana tuwo a ƙwarya, wato tallafin karatu. Iyayenmu da suka yi karatu a zamanin da suna ba mu labarin yadda gwamnati ke ɗauke wa ɗalibi kuɗin makaranta da abinci da littattafai, tun daga lokacin Sardauna da ya kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Ba ma cewa a dawo da wancan zamani yadda yake, mun san yawan ɗalibai ya ninka sau da yawa. Abin da ke damun mu shi ne ɗan abin da ake bayarwa ma ba shi da rana, ba shi da ƙa'ida.

Ga abin da ya faru da ni, kuma ba zan ambaci jihata ba domin labarin ba nata ba ne ita kaɗai. Ina aji biyu aka sanar da tantancewa. Aka ce kowa ya zo da kansa babban birnin jiha, da takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma, da takardar samun gurbi, da rasit ɗin rajista, da hotuna. Sanarwar ta fito ana saura kwana huɗu, a tsakiyar gwaje-gwajen zango. Na ranci kuɗin mota, na kwana a masallaci kusa da ofishin, na wuni a layi. Daga nan shiru. Ba jerin sunaye, ba lambar da za ka kira. Sai da na shiga aji huɗu kuɗin suka shigo, sau ɗaya tak, kuma da na cire abin da na kashe a zuwa tantancewar, abin da ya rage bai kai kuɗin buga kundin bincikena na ƙarshe ba. Abokin da muka tsaya layi tare bai samu ko sisi ba, har yau bai san dalili ba. Wani kuma da bai zo tantancewar ba ya samu, domin yana da wanda ya tsaya masa.

Ranku ya daɗe, jami'a ba ta jiran ɗalibi. Tana da ranar buɗe shafin rajista da ranar rufewa, wanda bai biya ba ba zai shiga ɗakin jarrabawa ba. Tallafin da ya zo bayan an rufe rajista ihu ne bayan hari. A 2023, bayan cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu, kuɗin mota da na abinci suka tashi, jami'o'in tarayya da dama kuma suka ninka kuɗin rajista. A wannan shekara ce mutum uku suka bar karatu a zaurenmu. Ɗaya yana tuƙa Adaidaita Sahu yanzu, ɗaya yana zaune a rumfar POS, ta ukun an yi mata aure, kuma ita ce ta fi mu duka maki a aji. Waɗannan mutane ne da suka riga suka jure yajin aikin ASUU na 2020 na kusan wata tara, da na 2022 da ya kai wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Sun ci wuyar, sai kuɗi kaɗan ya kayar da su dab da ƙarshe.

Ba za mu ƙi faɗin alheri ba. Mun ga lokacin da gwamnatin Kaduna ta rage kuɗin makaranta a manyan makarantunta a 2023, mun ga gwamnatin Kano ta biya wa dubban ɗalibanta na Jami'ar Bayero kuɗin rajista a shekarar. Waɗannan matakai sun ceci mutane da yawa. Sai dai duk abin da ya dogara ga tausayin gwamna mai ci yana iya tafiya tare da shi ranar da ya sauka. Ɗalibin da ya shiga aji ɗaya yana buƙatar sanin abin da zai samu har ya gama.

Wani zai ce ai yanzu akwai lamunin karatu na NELFUND. Gaskiya ne, an sa hannu a kan dokarsa a Afrilun 2024, aka buɗe shafin nema a watan Mayu. Babu kuɗin ruwa a cikinsa, ana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, ana ba ɗalibi Naira 20,000 a wata, kuma sai bayan shekara biyu da gama bautar ƙasa ake fara biya. Da yawa daga cikinmu sun nema, sun amfana. Amma bashi bashi ne, ana sa ran biyansa daga albashi, kuma Naira 20,000 ba ta ciyar da mutum wata guda a Zariya ko Maiduguri, balle kuɗin ɗaki da kayan gwaji. Muna jin tsoron kada jihohi su fake da wannan lamuni su janye hannunsu. Har ila yau akwai iyaye a ƙauyuka da suka hana 'ya'yansu nema saboda sun ɗauka akwai riba a ciki, babu wanda ya je ya yi musu bayani da harshen da suke ji.

Sai batun tura ɗalibai ƙasashen waje, wanda muka fi yin muhawara a kansa a zaurenmu, har wani lokaci rai ya ɓaci. Wasunmu na ganin alheri ne babba, suna kafa hujja da shirin Kano na ɗalibai 1,001 masu digiri na biyu a Indiya da Yuganda, da irin malaman jami'a da likitocin da shirye-shiryen baya suka samar. Ni ma ban musa wannan ba. Amma mun kuma ga ɗaliban wasu jihohinmu sun maƙale a Saifurus, an riƙe musu takardu saboda bashin da gwamnati ba ta biya ba. Mun ga waɗanda yaƙin Sudan ya rutsa da su a Afrilun 2023, aka kwaso su ta iyakar Masar da Port Sudan, wasu suna ajin ƙarshe na karatun likita, suka dawo suna bin jami'o'i suna neman inda za su ƙarasa. Mun ga ɗaliban shirin musayar karatu na tarayya a Maroko da Rasha suna kukan rashin alawus na watanni, kafin a dakatar da shirin a 2025. Ra'ayina, kuma mafi yawanmu sun yarda da shi, shi ne kada a tura ɗan kowa waje sai an ajiye kuɗin karatunsa gaba ɗaya a asusun da sabuwar gwamnati ba za ta iya taɓawa ba, kuma a tura shi karanto abin da babu shi a gida. Kuɗin da ake kashewa a kan mutum ɗaya a waje zai riƙe ɗalibai masu yawa a Sakkwato ko Bauchi har su gama.

Magana ta uku ita ce bayan kwali. A yanzu ana ba mai bautar ƙasa Naira 77,000 a wata, kuma da yawanmu wannan ne kuɗi mafi tsoka da muka taɓa riƙewa. Shi ya sa duk wanda ya kusa gamawa za ka ga hankalinsa a tashe. Tallace-tallacen aiki da dama suna sa iyakar shekaru, mu kuwa yajin aiki da zaman jiran gurbi sun riga sun cinye mana shekara biyu ko uku. Masakun Kakuri a Kaduna da suka riƙe iyayenmu sun zama kufai, masana'antu da yawa a Sharaɗa da Bompai sun rufe. Saura aikin gwamnati, wanda kowa ya san sau da yawa ba a tallata shi, sai dai ka ji an ɗauka.

Abin da ke ba mu mamaki shi ne aikin yana nan, mutanen ma suna nan, amma ba a haɗa su ba. Makarantar da nake koyarwa ba ta da malamin Fiziks ko Kemistiri na dindindin, masu bautar ƙasa ne ke zuwa suna tafiya duk shekara, alhali a zaurenmu akwai masu digirin waɗannan darussa suna sayar da katin waya. Asibitin garin ungozoma ɗaya gare shi. Abokanmu da suka gama karatun likita da haɗa magunguna suna shafe watanni suna neman gurbin aikin sanin makama na shekara guda, wanda sai da shi za a ba su cikakken lasisi. Ga madatsun ruwa irin su Tiga da Bakolori da Daɗin Kowa, ga cibiyoyin bincike a Samaru da Shika, ga kasuwar hatsi ta Dawanau da ke ciyar da ƙasashe maƙwabta, har an kafa ma'aikatar kiwo ta tarayya a 2024. Amma wanda ya yi shekara biyar yana karanta aikin gona ba shi da fili, ba shi da jari, manomi kuma ya shekara bai ga malamin gona ba. Sabon tsarin manhajar jami'o'i da NUC ta fitar a ƙarshen 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara abin da ya dace da yankinta. Ku ne uban jami'o'in jihohinku. Muna so ku tambaye su abin da suka zuba a wannan kashi, ko akwai noman rani da sarrafa fata da madara da wutar sola a ciki.

Saboda haka, cikin ladabi, ga abin da muke roƙo.

A yi wa tallafin karatu doka a majalisar kowace jiha, a ƙayyade kasonsa a kasafin kuɗi, a sa masa rana tsayayya kafin jami'o'i su buɗe rajista. A daina kiran ɗalibi daga Jos ko Ilori ya zo tantancewa da ƙafarsa. A yi ta intanet, a tabbatar da sunansa daga jami'arsa da lambar NIN, kamar yadda NELFUND ke yi. A wallafa sunayen waɗanda suka samu da adadin kuɗin, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, a manna a sakatariya inda kowa zai gani, wanda aka ƙi kuma a gaya masa dalili. Wannan shi ne roƙonmu mafi girma, kuma ba ya buƙatar ƙarin kuɗi mai yawa. Idan abin da jiha za ta iya kaɗan ne, ta faɗa mana, mu san yadda za mu nemi cikon. A kuma ware kaso na musamman ga marayu, da masu buƙata ta musamman, da 'yan gudun hijira, da 'yan mata masu karatun lafiya da koyarwa.

A sa malamin ba da shawara a kowace babbar sakandare, wanda zai zauna da yara da iyayensu a ƙarshen JSS3, kafin a raba azuzuwa. A buga ɗan littafi da Hausa da Fulatanci da Kanuri da Tibi da Nufanci da sauran harsunanmu, mai nuna kowane kwas da darussan da yake buƙata da irin aikin da ake yi da shi, a riƙa karanta shi a gidajen rediyon jiha lokacin rajistar JAMB. Mu masu bautar ƙasa a shirye muke mu yi wannan aiki kyauta a matsayin hidimar al'umma, idan an ba mu izini da kayan aiki.

Kowace jiha ta ƙirga malaman kimiyya da ma'aikatan jinya da ungozomomi da likitocin dabbobi da malaman gona da take buƙata nan da shekara biyar, ta bayyana adadin a fili, ta ɗauki nauyin masu karanta waɗannan fannoni bisa yarjejeniyar za su dawo su yi mata aiki na wasu shekaru, ita kuma ta cika alkawarin ɗaukarsu. A ƙara guraben sanin makama a asibitocin jiha. Duk ɗaukar aiki a tallata shi, a yi jarrabawa, a fitar da sakamako.

Muna kuma roƙon Ƙungiyar Gwamnonin Arewa ta sa wannan magana a ajandar zamanta na gaba a Kaduna, ta gayyaci wakilan ɗalibai su yi bayani da bakinsu. Muna da sunayen waɗanda suka bar karatu saboda kuɗin rajista, da yardarsu za mu kawo, domin da yawansu zango ɗaya ko biyu ya rage musu, kuma har yanzu ana iya mayar da su aji.

Ƙanwata ta shiga darasin yamma a garinmu, tana koyon Fiziks da Kemistiri daga tushe, za ta zauna jarrabawar masu zaman kansu a ƙarshen shekara. Daga alawus ɗina nake biyan malamin. Autanmu kuma yana JSS3 a bana, a makarantar da ta yi.

Allah ya ba ku ikon sauke nauyi, ya sa ku gama lafiya.

Naku cikin girmamawa,
Wani mai bautar ƙasa, a madadin 'yan uwansa ɗaliban Arewa